Na'urar awona tana saki kusa da fegin tireloli: taurarin ne ke toshe juna?

Ɗan Awo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masana harkar sadarwa su taimaka mini, don abin nan ya fara taɓa mini tuwo.

Safiyo nake yi, bana shekara tara ina yanka fulotai da kafa turakun iyaka. Tun farkon watan Maris muke wani aiki a wajen Kano ta hanyar Zariya, wata makekiyar gona da magada suka sayar, ana son fuloti ɗari da ashirin da tituna a ciki. Da na'ura biyu muke aiki, irin na RTK: ɗaya a girke kan ƙafa uku a wurin da muka san lambobinsa, ɗaya a kan sanda ina yawo da ita, ta girken tana aiko mata gyara ta rediyo. Ta girken tsohuwa ce ta ofishinmu. Ta yawon kuwa aro ce, tamu ta faɗo daga bayan babur, kuma ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Fili ne fetal, ba bene ba kuka, don haka allon kan nuna mini tauraro talatin da 'yan kai, na GPS na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin a haɗe. In ta kama daram, kuskurenta ba ya wuce santimita biyu.

Gabashin gonar ya yi iyaka da wani fegi inda tireloli da tankokin mai suke kwana. Da na doshi wajen, tun saura kamar taku ɗari biyu in kai katanga, sai ta saki. Ba lilon da muka saba gani kusa da rufin kwano ba, a'a, taurarin ne ke zubewa: talatin, sha biyu, huɗu. Kamar ana ɗauke wuta unguwa-unguwa. In ja da baya yamma, su dawo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar Talata da hantsi na auna turaku shida a gefen nan lafiya ƙalau, ranar Laraba kuwa na tsaya a kan na bakwai minti arba'in cikin rana, yaron da ke riƙe mini fenti har ya zauna yana gyangyaɗi. Wayata ma a lokacin shuɗin ɗigon taswirarta ya buɗe ya zama faifai guda.

Sannan akwai na dare. Sau biyu muna barin ta girken tana ɗaukar bayanai har asuba, da mai gadi a gefenta, can yammacin gonar nesa da motocin. Da na zuba a kwamfuta, daga bayan isha'i zuwa wajen sha biyu bayanan duk tsinke-tsinke ne, daga nan kuma sumul har gari ya waye.

Wani abokin aiki ya ce in kashe GLONASS in gani. Na kashe, kuma wallahi a tsakiyar gona ta fi saurin kamawa. Shi ke nan ogana ya samu abin faɗa: wai dama Rasha da Amurka ba sa ga maciji, taurarinsu ne ke toshe juna a sama, mu kuma muna shan ƙurar. Ya ce in kashe na Sin da na Turai ma, in bar GPS kaɗai. Ni dai na duba littafin na'urar, na ga GPS da Galileo da BeiDou duk an rubuta musu megahaz 1575.42. A rediyo na san in tasha biyu suka hau lamba ɗaya, ba ka jin ko ɗaya. To yaya ake ciki? Oga ne da gaskiya?

Na Bakin Tasha:

Wa alaikumus salam. Ai ogan naka ya gama magana. Ba ka jin labarin jiragen sama da ke rasa hanya a kusa da Rasha? Yaƙin zamani ke nan. Ka bar GPS kaɗai ka huta, da shi aka auna rabin Kano kafin a san wani BeiDou.

Baba Mai Eriya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kashe komai tukuna, zauna mu yi lissafi. Na yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin na'urorin watsa shirye-shirye kafin in ajiye aiki, kuma da yawa daga cikin shekarun nan a farautar wanda ya shigo mana zango suka tafi. Yawancin waɗanda na kama, a bayan katanga na same su.

Fara da nisa. Taurarin GPS suna sama da kanka da kilomita 20,200, na GLONASS 19,100, na Galileo 23,222. Kafin siginar ta iso kan sandarka ta gaji liƙis. Abin da Amurka ta yi alkawari a rubuce a kan L1, wato zangon 1575.42 ɗin nan, shi ne -158.5 dBW, wato ka raba wat ɗaya gida biliyan goma, kowane gida ka sake raba shi gida miliyan, ka ɗauki ɗaya da ɗan ɗori. Ba ta kai ko shuuu ɗin da na'urar kanta take yi a cikinta ba. In ka kafa na'urar duba zango a wurin, hayaniya kawai za ka gani.

To ta yaya ake jin ta? Ka yi makarantar allo, na tabbata. Yara arba'in, kowa na rera nasa allon da iya ƙarfinsa, mai wucewa a waje ba ya jin komai sai guuu. Malam kuwa yana kishingiɗe a buzu, ido a rufe, sai ka ji ya ce wane, koma baya, ka tsallake aya. Ya haddace abin da ke allon yaron, shi ya sa kunnensa ke iya bin muryarsa a cikin arba'in. Kowane tauraro da nasa allon. A siginar farar hula ta GPS jerin lambobi ne 1,023 da yake maimaitawa sau dubu a daƙiƙa, kuma an zaɓo jerin ne daga lissafin wani Robert Gold na 1967, yadda babu biyu da za su yi kama. Na'urarka ita ce malamin. Rediyon da ka kawo misali da shi bai haddace komai ba, duk wanda ya fi ƙarfi shi yake ji, shi ya sa tasha biyu ke kashe juna.

Gaskiya ne ƙarin yara na ƙara guuu ɗin. Ana lissafa shi ma, hukumar ITU da ke Jeniba, mai rabon zangon rediyo a duniya, tana da hanyar lissafin a takardarta M.1831, kuma abin da tsare-tsaren nan ke rage wa juna yawanci ba ya kai desibel ɗaya. Kai kuwa abin da ka gani taurarin ne ke ɓacewa gaba ɗaya.

Amma kada a yi wa ogan naka dariya da yawa, an yi rigimar, a kan tebur dai aka yi ta. Da Turawa suka fara tsara Galileo, sun ɗora siginarsu ta jami'an tsaro, PRS, daidai inda Amurka ta tanadar wa sabuwar siginar sojinta, M-code. Ranar yaƙi Amurka take tunani: tana so ta iya toshe wa abokin gaba komai a fagen daga, nata na soja ya tsira. In na Turai na kwance a kan nata, toshe shi toshe kanta ne. A Disambar 2001 Paul Wolfowitz, mataimakin sakataren tsaron Amurka, ya aika wa ministocin tsaron Turai wasiƙa a kan haka. Aka yi ta ja-in-ja har watan Yunin 2004 da aka sa hannu a yarjejeniya a Ailan. Rabon rumfunan kasuwa aka yi: zango ɗaya, amma kowa da inda ya tara ƙarfinsa. Tsohuwar siginar GPS tana tsakiya cif, ta farar hular Galileo an tsaga ta biyu kamar megahaz ɗaya hagu da dama, ta sojan Amurka megahaz goma hagu da dama, PRS kuma aka tura ta can wajen sha biyar. A 2007 suka ƙara amincewa da siffa ɗaya ta sabuwar siginar farar hula, don na'ura mai eriya ɗaya ta ji su duka. Sin ta zo daga baya ta yi wa Turawa abin da suka yi wa Amurka, ta nemi wurin PRS, aka ɗauki shekaru ana zama a tashi. A ƙarshen 2017 ita da Amurka suka fitar da sanarwa tare a kan jituwar siginoninsu na farar hula, kuma BeiDou ta uku da aka kammala a 2020 da gangan ta zo ta zauna a 1575.42. Ko agogonsu ba ɗaya ba ne, na BeiDou yana bayan na GPS da daƙiƙa 14, amma kowa ya bayyana nasa a fili, na'urarka tana gyarawa ba ka ma sani ba.

Wani abu da zai ba ka dariya a matsayinka na mai safiyo: wuri a zango kamar fulotin gwamnati ne, in an ba ka ba ka gina ba, a ƙwace. Wa'adin Galileo a ITU tsakiyar 2006 ne, ga shi ba su shirya ba. Sai da suka harba ɗan ƙaramin tauraro GIOVE-A ranar 28 ga Disambar 2005 don ya yi magana a zangon, irin ɗaki ɗayan nan da ake ginawa a fuloti a sa mai gadi. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, shi ne kuma ya ƙera mana NigeriaSat-1 da aka harba a 2003.

Yanzu koma makarantar allon, a ce maƙwabci ya tayar da injin markaɗe a jikin katanga. Hadda ba ta da amfani kuma. Ɗan abin toshe sigina mai miliwat ɗaya tak, a nisan mita ɗari a fili ba shamaki, abin da yake kawo wa eriyarka ya ninka siginar tauraro fiye da sau dubu ɗari. Yanzun nan na lissafa a bayan takardar maganina. Ka ce fegin tireloli, ka ce yau akwai gobe babu, ka ce wayarka ma ta makance. Ni ba na neman ɓarawon nan a sama. A 2013 hukumar FCC ta Amurka ta yanka wa wani direba tarar kusan dala 32,000, saboda abin da ya saka a motar aiki don ya ɓuya wa ogansa ya riƙa rikita na'urar saukar jirage a filin jirgin Newark.

Gobe ka buɗe shafin da ke nuna ƙarfin kowane tauraro, ko ka sa manhajar GPSTest a waya, ka taka a hankali zuwa katangar. In lambobin suka sauka tare kamar an danne su da hannu ɗaya, na sama da na gefe, na Amurka da na Sin, to daga ƙasa ne. In kuma taurarin suna nan da ƙarfinsu amma gyaran da ta girken ke aikowa ne ya yanke, to ɗan rediyon da ke tsakanin na'urorin biyu ne, wannan wani zango ne dabam can wajen megahaz ɗari huɗu da wani abu. Ka kuma ɗaga kai ka duba ko akwai eriyar talabijin mai busta a rumfar mai shayi ko gidan kallo. Bustar da ta lalace takan zama ɗan gidan rediyo da kanta. A 2001 irinta ta kashe GPS a tashar jiragen ruwa ta Moss Landing a Kalifoniya, aka daɗe ana nema kafin a gano a kan wani jirgin ruwa take. Na'urar watsa talabijin ma in matatarta ta yi rauni takan zubo a ninkin lambarta: mai megahaz 525, sau uku 1575 ne, kai ma lissafa.

Na daren nan ma motocin nake zargi, ai da dare fegin ke cika.

Mai Tiraka:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kun taɓo sana'ata. Ni nake saka wa masu motoci tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ni kuma suke kira da zagi in mota ta ɓace a allo. Abin da kuke faɗa akwai shi. Ɗan ƙaramin abu ne bai fi babban yatsa biyu ba, da 'yar eriya baƙa, a ramin kunna sigari ake cusa shi. A allon mai mota sai ka ga tanka ta tsaya cak a wuri ɗaya awa biyar, ko ta ɓace, sai kuma ta ɓullo a wani gari. Farkon fara aikina tirakar nake cirewa in sa sabuwa daga aljihuna, ina zaton tawa ce ba ta da kyau. Sai da na canza wa mota ɗaya sau uku kafin wani yaron mota ya tausaya mini ya nuna mini abin a cikin safa.

Ba duk direba ne ɓarawo ba, in faɗi gaskiya. Akwai mai zuƙe mai, akwai mai ɗaukar lodin gefe, akwai kuma wanda kawai yake so ya ratse ya kwana a gidansa ba tare da an buga masa waya ƙarfe biyun dare ba. Ko ɗaya a cikinsu bai san abin yana fita daga motarsa ba. A tunaninsa tirakarsa kaɗai yake rufe wa ido.

Malam Ɗan Awo, abu biyu. Yawancin masu arhar L1 kaɗai suke rufewa, don a nan tiraka take ji, saboda haka ka duba ko L5 ɗinka, wato ɗaya zangon na megahaz 1176.45, tana nan da ranta lokacin da L1 ta mutu. In haka ne ba sauran tambaya. Sannan kada ka shiga fegin nan kana tambayar wa ke da abin toshewa, ba wanda zai amsa maka, kuma ba za su so ganin sandarka ba. Mai shayi za ka zauna wa. Doka tana wurin hukumar sadarwa ta NCC, su ke da zango, amma kafin takarda ta je ta dawo kai ka gama aikinka.

Malamar Kimiyya:

Baba, Allah ya ja da rai, na ƙaru da bayaninku, amma a kan na dare ban bi ku ba. Ya ce na'urar tana yammacin gona nesa da motocin, ya ce abin yana farawa bayan isha'i ya lafa wajen sha biyu, ya kuma ce watan Maris. Direba ba ya cire abinsa don sha biyu ta buga. Wannan jadawalin na sama ne, amma ba na taurarin ba, na iskar da ke tsakaninmu da su.

Ku kun fi ni sanin ayonosfiya, tunda ita ke dawo muku da gajeren zango ƙasa har a ji Landan a ƙauye. Rana ce ke caje ta, inda ta fi kauri kuma yana wajen kilomita 300 zuwa 400 sama da ƙasa. Mu a nan muna zaune kusan a kan layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa Najeriya, shi ya sa masu wannan bincike suka daɗe suna kafa na'urori a Ilorin. A irin wannan yanki, da rana ta faɗi sai ƙasan wannan shimfiɗa ya yi sako-sako, wasu manyan kumfa su taso su ratsa ta zuwa sama. Siginar da ta bi ta cikin kumfar sai ta riƙa ƙyaftawa, kamar yadda kwalta ke rawa a ido da tsakar rana. Na'urar awo mai ƙirga zangon sigina ɗaya-ɗaya sai ƙirgar ta kuɓuce mata, shi ne tsinke-tsinken da ya gani. Ya fi yawa a Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyarta, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka NASA da NOAA suka sanar cewa zagayen rana na 25 ya kai ganiya. Guguwar rana ta 10 ga Mayun 2024 ma ta tsayar da manoman Amurka da yawa daga shuka, don taraktocinsu da GPS suke bin kunya.

Malam, bambancewa ba wuya tunda bayanan suna kwamfutarka. Abin toshewa yana danne kowa lokaci ɗaya. Kumfa kuwa tsince take yi: tauraro uku ko biyar da ke sashe ɗaya na sama su riƙa hawa da sauka da sauri, sauran suna lafiya, bayan ɗan lokaci abin ya matsa kan wasu. A nan ne shawarar ogan naka za ta cuce ka sosai. Mai tauraro talatin in kumfa ta cinye biyar bai ji komai ba. Mai GPS kaɗai, takwas ko goma, in ta cinye biyar ya tashi aiki. Ka mayar da ɗaukar bayananka daga ƙarfe ɗayan dare zuwa hantsi.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa daga Nijar. Na yi aiki a harkar kula da zirga-zirgar jiragen sama, bari in amsa wa Na Bakin Tasha. Abin da kake ji a labarai gaskiya ne, amma daga ƙasa ake yin sa, da manyan na'urori na soja, ba tauraro ke harbin tauraro ba. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu a Istoniya wata guda, don saukar filin ta dogara da GPS, sai da aka tanadi hanyar sauka da na'urorin ƙasa suka koma. Akwai ma wanda ya fi toshewa muni, wato a aiko maka siginar ƙarya: a Yunin 2017 jiragen ruwa fiye da ashirin a Bahar Aswad na'urorinsu suka nuna musu wai suna filin jirgin sama, a kan tudu.

Mu a wajenmu inda aka yi taka-tsantsan shi ne L5. Zangon 1164 zuwa 1215 gidanmu ne tun da, na'urar DME mai gaya wa matuƙi nisansa da fili a nan take. Da aka shigo da taurari ciki, taron ITU na 2003 ya yanke ƙudiri mai lamba 609: duk tsare-tsaren a haɗe akwai iyakar ƙarfin da ba za su wuce ba, kuma masu su kan zauna su raba wannan kason a tsakaninsu.

Abin da ya sa maganar Mai Tiraka ta tsaya mini a rai: ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke ciki, ta fara watsa siginar gyaran GPS a 2020 ta kan tauraronku NigComSat-1R, aka gwada sauka da ita a Lome a Janairun 2021. Ita ma a 1575.42 take saukowa. Abin cikin safar yaron motar nan bai san ta jirgi da ta tiraka ba, kuma filayen jirginmu da yawa babbar hanya na wucewa ta gefensu.

Baba Mai Eriya:

Malama, kin kama ni, na karɓa. Sha biyun daren nan ya kamata ya tsayar da ni, na yi gaggawa don na riga na ƙulla da direbobi.

Saura GLONASS, na manta da shi jiya, maganin barci ya fara aiki. Ɗana, shi ne ma ya fi kowa nisa da GPS a zangon. Rashawa ba tsarin allo suka bi ba da farko, tsarin gidajen rediyo suka bi: allo ɗaya, amma kowane tauraro da lambarsa, megahaz 1602 a ƙara ko a rage 0.5625 sau kaza, daga ragi bakwai zuwa ƙari shida. Gurbi 14 ke nan ga tauraro 24, sai biyun da ke bayan duniya da juna su raba gurbi ɗaya tunda ba mai ganin su tare. Da can sun fi haka hawa sama, masu sauraren sararin samaniya a 1612 suka yi kuka, Rasha ta sauko.

Ga inda matsalarka take. Tunda kowane tauraro da lambarsa, kowanne da ɗan jinkirin da yake yi a cikin matatar na'ura, kuma jinkirin kamfani kaza ba irin na kamfani kaza ba ne. In ta girke da ta yawo 'yan gida ɗaya ne, jinkirin ya kashe juna. Kai kuwa ka haɗa tsohuwa da ta aro. Ragowar da ba ta mutu ba ita ke hana lissafin rufewa, shi ya sa da ka kashe GLONASS ta yi sauri. Duba ko ta girken tana aika saƙon RTCM mai lamba 1230, da 1033 mai faɗin irin na'urar. In tana iyawa ka kunna. In ta tsufa da yawa, to bar GLONASS a kashe a tsakiyar gona, ba laifi, amma ka bar Galileo da BeiDou. Rashawan ma sun fara komawa tsarin allo a sababbin taurarinsu tun GLONASS-K na 2011.

Tambaya ɗaya: huɗun nan da suka rage maka a jikin katanga, na wa ne?

Ɗan Awo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma, na yi kwana uku ina bin abin da kuka ce.

Na daren dai Malama ce da gaskiya. Na buɗe bayanan, biyar ne ko shida ke rawa a lokaci guda, sauran suna zaune, bayan kamar rabin awa rawar ta koma kan wasu. Na sake ɗauka daga ƙarfe biyun dare, ya fito tas.

Na katanga kuwa, ranar Asabar ba komai, na auna turaku tara har jikin bulo. Ranar Litinin na kunna duka huɗun na taka a hankali ina kallon allo. Daga arba'in da bakwai lambobin ƙarfin sigina suka fara sauka tare, arba'in, talatin da uku, ashirin da wani abu, sannan L1 ta tafi. L5 tana nan ba abin da ya same ta, kamar yadda Mai Tiraka ya ce. Baba, huɗun da suka rage a kusa da zangon L1 kuwa, duk na GLONASS ne. Na tsaya ina dariya ni kaɗai da sanda a hannu, yarona yana kallona. Ashe ranar da na kashe shi na je gefen nan, shi ya sa ban ga ko ɗaya ba.

Na zauna wa mai shayi, na sha kofi biyu ban tambayi komai ba sai ranakun da fegin ke cika. Shi da bakinsa ya ce akwai wasu tankoki uku da ke zuwa daren Lahadi su tashi Laraba da yamma, kullum a jikin katangar gonar suke fakawa saboda inuwar darbejiya. Talatar da na yi awo lafiya, wai sun makara a hanya ba su iso ba sai dare. Ban ga abin da idona ba, ban kuma nema ba.

Saƙon 1230 babu shi a tsohuwarmu, na duba har ƙasan jerin. Oga na nuna masa hoton allon, ya daɗe yana kallo, ya ce to ai ga shi nan, na Rasha sun kashe na kowa sun bar nasu. Na ce to, ranka ya daɗe. Saura turaku sha huɗu a gabas, na sa su Alhamis da sassafe. Ɗan Damagaram, in mutum zai kai rahoton irin wannan, hoton allon da lambobin wurin sun isa, ko sai na haɗa da ɗanyen bayanan ranar Litinin ɗin?